Makullin Da Ake Binnewa Tare Da Mai Shi

(Jawabin da aka gabatar a zauren taro na ƙungiyar ɗalibai a makon laccoci na ƙarshen zango.)



Sa'ad da aka aiko mana da takardar gayyata, aka ce mu zaɓi abin da za mu yi magana a kai, mun san sarai akwai batutuwan da suka fi wannan daɗin ji. Saurayi mai shekara ashirin da biyu, wanda hankalinsa ke kan jarrabawa da bautar ƙasa da aure, ba ya son a tare shi da zancen likkafani. To, amma mutuwa rigar kowa ce, kuma duk wanda ya daɗe a wannan makaranta ya san sau nawa aka liƙa sanarwar rasuwa a allon ɗakin kwana, ya kuma san yawancin waɗanda aka liƙa sunayensu ba tsofaffi ba ne. Wa'azin mutuwa kuwa akwai malaman da suka fi mu iya shi. Abin da ya kawo mu ƙarami ne: wayar nan da ke aljihun kowannenmu, da abin da ke cikinta, ina za su nufa ranar da aka ce ba mu?

Bari mu fara da yadda kakanninmu ke yi. A da, in magidanci ya rasu, dukiyarsa a fili take. Ga gona, ga rumbu, ga dabbobi a turke, ga adaka a ƙuryar ɗaki, makullinta na cikin aljihun rigarsa ko ƙarƙashin matashi. Bayan an share makoki, sai a tara magada, a kira malami ko a je gaban alƙali, a buɗe adaka a gaban shaidu, a ƙirga abin da ke ciki. Takardun bashi suna nan, wasiƙu suna nan. In ma makullin ya ɓata ba wata wahala ba ce, sai a aika a kira maƙeri ya ɓalle kwaɗo. Adakar zamaninmu kuwa ba ta da maƙeri. Makullinta 'yan lambobi ne da haruffa da ke cikin kan mai ita, ko kuwa zanen yatsarsa, kuma duka biyu da su ake binne shi.

Shekarun baya kaɗan mun rasa wani abokin karatunmu, wanda bai fi shekara uku da fara aiki a wata ma'aikata ba. Hatsarin mota ne, a kan hanyarsa ta komawa gida hutun salla. Ya bar mata da 'ya'ya biyu ƙanana da mahaifiya. An kawo wayarsa gida ba ta ko tsage ba, amma a kulle. Kwana da kwanaki tana ƙara a kan tabarmar makoki, saƙonni na shigowa, ana ganin kawunansu a fuskar wayar, ba mai iya buɗewa. Iyalinsa sun san asusu ɗaya ne kawai, watau wanda albashi ke shiga. Mu abokansa mun san yana sayar da shadda da turare ta WhatsApp, mun san kuma shi ke riƙe da kuɗin adashen mutum goma sha biyu na ofishinsu, amma a wane asusu, ba wanda ya sani. Kafin sadakar arba'in waɗanda ke binsa bashi duk sun hallara, kowa da hoton hirarsu a waya a matsayin hujja. Waɗanda shi ke bi kuwa, in ban da mutum biyu masu tsoron Allah, har yau shiru. Matarsa ta adana wayar cikin akwati kamar yadda ake adana abin tunawa. Bayan shekara guda da 'yan watanni wani daga cikinmu ya buga lambar bisa kuskure, sai wata murya da ba mu sani ba ta amsa daga wata jiha.

A nan muke so mu daɗe kaɗan, domin nan ne abin ya fi shafarmu a ƙasar nan. Lambar wayar da muke cewa tamu, aro ce. Bisa ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta 2024, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin da ke kawo kuɗi da shi ba, ana iya rufe shi, in kuma ya ƙara wata shida a haka, mai shi na iya rasa lambar, kamfani ya sayar wa wani. Alhali kuwa wannan lamba ita ce uwar makullai. Ta kanta banki ke aiko da lambar tabbaci ta ɗan lokaci kafin a fitar da kuɗi. Da ita aka buɗe WhatsApp. Da ita ake dawo da imel da Facebook in an manta kalmar sirri. An ɗaure ta da lambar shaidar banki tun da aka fito da tsarin a 2014, an kuma ɗaure ta da lambar shaidar zama ɗan ƙasa tun umurnin Disamba 2020. A wasu bankunan waya irin su OPay da PalmPay, lambar wayar ita ce ma lambar asusun, sifirin farko kawai ake cirewa. Saboda haka ranar da lambar mamaci ta koma hannun baƙo, iyalinsa sun rasa ƙofar shiga, baƙon kuma ya sami kansa tsaye a bakinta. In mutumin kirki ne, ya yi ta share saƙonnin da ba nasa ba. In ba na kirki ba ne fa? Da yawanmu a zauren nan sun taɓa samun saƙo daga shafin wanda suka san ya rasu, wai yana cikin matsala a aiko masa da dubu biyar.

Kamfanonin da muke ajiye rayuwarmu a hannunsu, kowanne da irin tasa dokar, kuma mun amince da ita tun ranar da muka danna alamar yarda ba tare da mun karanta ba. WhatsApp kan share asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba. Ku lura, wata huɗu ke nan, bai ko kai tsawon takabar matar mamacin ba, wadda take wata huɗu da kwana goma. Google ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya share asusun da ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba, da wasiƙunsa da hotunansa da takardun da aka ajiye. Ɗalibin da ya tara kundin bincikensa na shekara uku a can, ya kamata wannan ya tsaya masa a rai.

Kada mu yi musu rashin adalci, sun buɗe wasu ƙofofi, sai dai mai rai ne kaɗai ke iya buɗe su. Tun 2013 Google ya ba da dama mutum ya zaɓi tsawon lokaci, wata 3 ko 6 ko 12 ko 18, wanda in ya wuce ba a ga motsinsa ba, sai a sanar da mutanen da ya ambata, har mutum goma, a ba kowanne abin da aka ce a ba shi, ko kuma a share asusun gaba ɗaya. Facebook, tun 2009, yana mayar da shafin mamaci shafin tunawa in an kai masa shaida, sa'an nan a 2015 ya ƙara damar naɗa wasiyyi, wanda zai iya liƙa sanarwa a saman shafin, ya sake hoto, ya karɓi masu neman abota, amma ba zai shiga a matsayin mamacin ba, ba kuma zai karanta saƙonninsa na sirri ba. Wanda ya fi son a share shafin bayansa, akwai inda zai zaɓi haka. Apple ya bi sahu a ƙarshen 2021: mutum ya naɗa wanda ya yarda da shi, a ba shi wani makulli na musamman, ranar da ta faru ya haɗa da takardar shaidar rasuwa ya gabatar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bai kai aikin minti goma ba. Da za mu ce waɗanda suka yi su ɗaga hannu, muna zaton ba za mu sha wahalar ƙirga ba.

Wanda bai yi ba kuwa, ya bar wa iyalinsa shari'a da kamfanin da ke wata nahiya. A 2004 an kashe wani sojan Amurka mai shekara 20, Justin Ellsworth, a yankin Falluja na ƙasar Iraƙi. Mahaifinsa ya nemi Yahoo ya ba shi wasiƙun ɗansa, kamfanin ya ƙi, sai da kotu a jihar Mishigan ta ba da umurni a 2005. Wanda ya fi wannan ban tausayi ya faru a Jamus. A 2012 jirgin ƙarƙashin ƙasa ya take wata yarinya mai shekara 15 a birnin Balin. Iyayenta suna so su san ko hatsari ne ko ita ta jefa kanta, suka ga ba inda amsa za ta fito sai saƙonninta na Facebook. Uwar tana da kalmar sirrin, amma an riga an mayar da shafin na tunawa, ƙofa ta rufe. Daga kotu zuwa kotu, sai a Yuli 2018 babbar kotun tarayyar ƙasar ta yanke cewa asusun na cikin abin da ake gada, daidai da wasiƙun takarda da littafin sirrin mutum. Kusan shekara shida ke nan, a ƙasar da kotunanta ke aiki a kan lokaci, ga iyayen da ke da halin ɗaukar lauya. To, mu auna da tsohuwar da ke ƙauyenmu, wadda ko sunan kamfanin ba ta iya faɗa ba.

Kada kuma a ɗauka matsalar ta Turawa ce. A 2019 wasu masana biyu na Jami'ar Okusfod, Carl Öhman da David Watson, sun yi lissafi cewa ko da Facebook ya daina karɓar sababbin mutane daga 2018, aƙalla masu shafi biliyan 1.4 za su mutu kafin shekarar 2100, kuma matattu na iya rinjayar masu rai a dandalin wajen 2070. In kuwa ya ci gaba da bunƙasa, adadin na iya kai biliyan 4.9, kuma a wannan lissafi fiye da kashi 6 cikin ɗari 'yan Nijeriya ne. Watau wata babbar maƙabarta ake ginawa, mu ne za mu cika wani sashe nata, mai gadinta kuma ɗan kasuwa ne a Kalifoniya.

Yanzu mu komo gida, mu dubi abin ta fuskar da ta fi kowace nauyi a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san jerin haƙƙoƙin da ke kan dukiyar mamaci: a yi masa sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa cikin abin da bai wuce sulusi ba, sa'an nan a raba saura ga magada kamar yadda aka tsara a Suratun Nisa'i. Wannan tsari ba shi da gibi. Amma alƙali, komai iliminsa, ba ya raba abin da bai gani ba. Kuɗin da ke kwance cikin asusun da ba wanda ya san da shi, rabon marayu ne da bai kai gare su ba. Bashin da aka ci ta manhajar lamuni da tsakar dare, wanda ko matar mutum ba ta sani ba, yana nan rataye a wuyansa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sanannen hadisin Ibnu Umar da ke cikin Muwaɗɗa ya kwaɗaitar da duk mai abin da zai yi wasiyya a kansa kada ya bari dare biyu su wuce wasiyyar ba ta rubuce a wurinsa ba. Mu kuwa mun mayar da rubuta wasiyya kamar kiran ajali. 'Yan'uwanmu Kirista da ke zauren nan, su ma kotun da ke tabbatar da wasiyya ba za ta ba iyalinsu abin da ba a lissafa ba.

Ga yayyenmu ma'aikata akwai ƙari. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi asusun ajiyar ritaya ga kowane ma'aikacin da ke ƙarƙashinta, ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi masa inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Sau nawa matar ma'aikaci ta san sunan kamfanin da ke riƙe da fanshon mijinta? Bayanin asusun ta imel yake zuwa, imel ɗin kuma a kulle. Haka nan sunan da muka rubuta a fom, a gurbin ɗan'uwa mafi kusa, da yawa muna zaton shi ne magaji. Ba haka ba ne. Shi wanda za a tuntuɓa ne kawai, kuɗi ba ya fita sai da takardar kotu. Galibi ma sunan da ke wurin na wani wa ne ko kawu da aka rubuta tun ana gwauro, aka yi aure aka haihu ba a koma an gyara ba. Bisa ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ta 2024, kuɗin da ya yi shekara goma a asusun da ba a motsa ba ana kwashe shi zuwa wani asusun amana a Babban Bankin. Magada na da ikon nema ko bayan haka, amma mutum ba ya neman abin da bai san da shi ba.

Wani zai ce, ai abin mai sauƙi ne, sai in ba matata ko ƙanena lambar sirri, in ta faru su kwashe. A nan muna da ja. Daga lokacin da rai ya fita, kuɗin ya tashi daga na mamaci ya zama na magada duka, har da jaririn da ke goye da uwar da ke ƙauye. Wanda ya ɗauki kati ya je ya zare, ko da niyyarsa ta yin hidimar makoki ce, ya sa hannu cikin dukiyar maraya ba da izini ba, ban da cewa a wurin banki laifi ne. Mun kuma san gidajen da aka ƙi kai rahoton rasuwa ofis don albashi ya ci gaba da shigowa. Wannan shi ne ma'aikacin bogi da muke zagi a jarida, sai dai wannan karon a gidanmu aka haife shi. Abin da magada ke bukata shi ne su san abin da ke akwai da inda yake, sa'an nan su bi ta ƙofar kotu da ta banki. Makulli a hannun mutum ɗaya ba tare da sanin saura ba, shi ke raba zumunci.

Haka kuma ba daidai ba ne amanar jama'a ta rataya a kan ƙwaƙwalwar mutum guda. A Disamba 2018 shugaban wani kamfanin kuɗin intanet na Kanada mai suna QuadrigaCX, Gerald Cotten, ya mutu a Indiya yana da shekara 30, aka ce shi kaɗai ya san makullan inda aka ajiye kuɗin dubban mutane. Da hukumar hannun jari ta lardin Ontariyo ta bincika, sai ta bayyana a 2020 cewa yawancin kuɗin ya riga ya salwantar da su tun yana da rai. Rashin mai duba shi ne ya ba shi dama, mutuwarsa tona asiri kawai ta yi.

Akwai kuma ɓangaren da ba na kuɗi ba, wanda muke ganin ya fi wuyar magana. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wayar kowannenmu ciki ce. Akwai hirar da abokinka ya yi da kai cikin dare game da rashin lafiyarsa ko rikicin gidansa, bisa amanar cewa kai kaɗai ke ji. Wannan sirrin ba naka ba ne balle ka bar wa magada. A al'adarmu ba kowa ake bari ya wanke gawa ba, sai amintacce wanda in ya ga wani abu zai rufe bakinsa har abada. Wanda za a damƙa wa wayar mamaci, irin wannan mutum ya kamata ya zama. Kotun Jamus ta ce saƙonni kamar wasiƙu ne, mun yarda da ita a shari'ar waccan yarinya, amma kakanmu wasiƙa nawa ya bari? Ashirin, ko talatin, kuma ya rubuta su da sanin wata rana wani zai gani. Mu muna barin dubu ɗari, yawancinsu an rubuta su cikin fushi ko wasa ko wauta. Ra'ayinmu shi ne hotunan iyali da takardun karatu da na dukiya a bar wa iyali, hirar sirri kuwa a yi umurni a share ba tare da an karanta ba, sai fa inda hujjar bashi ko ciniki take. Abin da muka baza a fili kuma, mu tuna yana ci gaba da yawo bayanmu. Muna son zancen sadaka mai gudana, muna mantawa ƙazafin da aka rubuta a kan wani shi ma gudana yake yi duk ranar da aka sake tura shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da muke roƙo kowa ya yi a wannan mako, ya sami takarda da alƙalami, takarda ta gaske, ya rubuta sunan kowane banki da kowace manhajar kuɗi da yake da asusu a ciki, da kamfanin fanshonsa, da lambobin wayarsa da adireshin imel. Ya rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa, da kuɗin amana da ke hannunsa da sunayen masu shi. Ya sa kwanan wata, ya sa hannu, mutum biyu su shaida. Wannan takarda ba ta ɗauke da lambar sirri ko ɗaya, don haka ba abin tsoro in an gan ta. Lambar buɗe waya da ta imel kuwa a rubuta su daban, a liƙe cikin ambulan, a ba amintacce ɗaya, a kuma gaya wa wani mutum na biyu cewa ambulan na wurin wane. Kada a sa su cikin wasiyyar da za ta je kotu, domin hannaye da yawa za su taɓa ta. A gaya wa iyali, in ta faru, kada a bar layin ya mutu: a riƙa sa masa kati ana kira da shi har a gama da banki da ofis da kotu, a kuma karɓi takardar shaidar rasuwa da wuri, don ba ƙofar da za ta buɗe sai da ita. Duk shekara a sake duba takardar, ko da azumi ko farkon zango, domin asusu na ƙaruwa, bashi na biyuwa, amintacce ma yakan riga mutum tafiya.

Shugaba, kafin mu zauna, akwai magana ɗaya da ta shafi wannan ƙungiya kanta. Mun tambaya kafin mu hau nan, aka ce mana shafin ƙungiya da imel ɗinta suna kan lambar wayar sakataren watsa labarai, kuɗin gudummawar marasa lafiya na wasu ƙungiyoyin jihohi kuma yana cikin asusun ma'ajinsu na kansa. Allah ya ba su tsawon rai, amma ko kammala karatu kaɗai ya isa ya raba mu da waɗannan abubuwa. Muna ba da shawara majalisar ɗalibai, a zamanta na gaba, ta zartar cewa kowane shafi na ƙungiya ya kasance da masu kula aƙalla uku, kowane kuɗin jama'a ya koma asusu mai sunan ƙungiya da sa hannun mutum biyu, a kuma sa jerin asusu da makullansu cikin takardun da tsofaffin shugabanni ke miƙa wa sababbi ranar rantsuwa. Mun kawo kwafen irin takardar da muka bayyana, guda ɗari biyu, suna kan teburin da ke bakin ƙofa, kowa ya ɗauki ɗaya in zai fita.